Ragon da Ya Haɗiye Waƙa Biyar

A Zongon Lome, in ka bi babban titin da tireloli ke bi su nufi arewa, za ka ga wata 'yar butik shuɗiya, wato ɗan shago, a matse tsakanin rumfar Tanti Batul mai shinkafa da wake da turken ragunan Seydou. A saman ƙofarta an rubuta da jan fenti: ALASSANI MAI KUNNE, SAUTI DA HASKE. Hasken dai ƙwan lantarki ɗaya ne. Sautin kuwa Alassani ne da kansa.

Sana'arsa sayar da bafil, wato akwatunan sauti, da zuba wa mutane waƙoƙi a waya. Amma in ka tambaye shi zai ce maka wannan duk rufin asiri ne, ainihin aikinsa auna kiɗa. Ya ce shekara uku ya yi a Akra, kuma babu makaɗin da ke fitar da faifai sai an kawo masa ya ɗanɗana. Ya ce a Abijan wani mai gita ya taɓa durƙusa masa a tsakiyar tasha. Ya ce kunnensa na dama kiɗa yake ji, na hagu kuma niyyar makaɗin. Kowace magana aka ɗauko, ko ta ƙwallo ce ko ta ciwon kaji, sai ya buga ƙirji ya ce, "Ni na sani!" Matarsa Ajaratu takan ce Akra dai sati biyu ya yi, shi ma gudawa ce ta koro shi gida. Shi kuwa yakan ce mace ba ta iya lissafin kwanakin tafiya ba.

A unguwar akwai wasu matasa huɗu da suka kafa ƙungiyar kiɗan rok, irin na gita mai kururuwa da ganguna masu girgiza kwanon rufi. Sunansu Ƙarfe Huɗu. Jagoransu Samir ne, ɗan Alhaji Sabiru mai tireloli. Mai buga musu ganguna wata budurwa ce, Hanane, mai karatun aikin jinya, wadda in ta riƙe sanda biyu sai ka rantse da fatar gangar take da tsohuwar gaba. Shekara biyu suna gwaji a wani tsohon gareji kafin su haɗa faifai mai waƙa biyar. Ba su sake shi ba tukuna, sai ga gayyata daga wani bikin makaɗa a Kwatano. Alhaji Sabiru ya ce ko tashar mota Samir ba zai taka ba.

Ran Litinin da hantsi Alhaji ya zo butik ɗin a duba masa waya, Samir na biye da shi yana roƙo.

"Baba, ka saurara ko sau ɗaya ne."

"Na saurara ta katanga shekara biyu. Na ɗauka injin niƙa ne ya lalace."

Alassani ya ajiye wayar ya gyara hula. "Alhaji, Allah Ya zaunar da ku a bakin rijiya kuna kukan ƙishirwa. Kiɗa ai ba kowa ke gane shi ba. A ba ni faifan nan in auna. In zinariya ce in faɗa, in gwangwani ne in faɗa."

Alhaji ya dube shi, ya dubi ɗansa. "To, na yarda. Ran Asabar bayan la'asar ba za ku yi taronku a garejin ba? Alassani ya tsaya gaban jama'a ya fassara mana kowace waƙa, ku kuma ku buga mu ji. In da hankali a ciki, ka tafi Kwatano da albarkata. In shirme ne, gitar nan ta zama itacen girki, kai kuma Litinin ka hau tirela zuwa Yamai ka koyi aikin ubanka."

Maimakon Samir ya yi murna, sai fuskarsa ta zama kamar wanda ya haɗiyi ƙashin kifi.

"Baba, Tonton Alassani ne zai auna? Bari in kawo masa wani kile gobe. Wannan akwai ɗan abin da ban gyara ba."

"Ɓoye-ɓoye ya fara ke nan," in ji Alhaji. Ya zura hannu a aljihun rigar Samir ya zaro ambulan, ya danƙa wa Alassani. A ciki akwai kile, ɗan ƙarfen nan da ake zuba waƙoƙi wanda bai kai ɗan yatsa ba, da takarda mai sunayen waƙoƙin.

Suna tafiya Alassani ya karanta takardar da ƙarfi don maƙwabta su ji. "Kwalta Mai Zafi. Zemijan. Ruwan Yuni. Zuhra." Ya tsaya a ta biyar, ya kawo takardar kusa da ido, ya yi murmushi har kunne. "Gwanin Bakin Titi! Tanti Batul, gwani nawa ne a bakin titin nan?"

"Gwanin me? In na surutu ne, ɗaya ne."

"Hassada ga mai rabo taki. Yaran nan sun san manya."

Nan take ya fara gini a sama. Ran Asabar duk Zongo za ta ji shi, daga nan gidajen rediyo su yi layi a ƙofarsa, daga nan a kira shi alƙalin gasar kiɗa a Kwatano, a ba shi kujera mai juyawa. Ya ce faifai irin wannan ba a jin sa a ƙaramin abu. Ya jawo babban bafil ɗinsa, wanda ya kai firji tsawo, ya kafa shi a bakin ƙofa yana fuskantar titi, ya haɗa masa wasu biyu a gefe, ya murɗa sauti har ƙarshe.

"Malam Alassani, ragunan nan ba su saba ba," in ji Seydou.

"Rago ma yana da haƙƙin wayewa."

Ya soka kile ya danna.

Abin da ya fito ba shi da suna a Hausa. Gitar Samir ta yi wata ƙara kamar tirela ta taka birki a kan gada, gangunan Hanane suka biyo baya kamar ana rushe gini. Wani mai zemijan, wato babur ɗin haya, ya saki hanya ya shige kwata da fasinjansa. Ragunan Seydou goma sha ɗaya suka tsinke igiya gaba ɗaya, suka bi ta cikin rumfar Tanti Batul, suka kife tukunyar shinkafa da wake da robar miya. Kafin mawaƙin ya buɗe baki, bafil ya yi tari, ya yi hayaƙi, wutar layin shagunan gaba ɗaya ta ɗauke. Daƙiƙa goma sha biyu ke nan da fara faifan.

Alassani ya fizge kilen don kada ya ƙone, zafinsa ya sa ya yar. Ya faɗa cikin shinkafar da ta zube. Wani jan rago mai karyayyen ƙaho, wanda duk hargitsin nan bai hana shi ganin rabonsa ba, ya sa baki ya share shinkafa da miya da waƙa biyar, ya haɗiye, ya ɗaga kai yana kallon Alassani.

"Tofar! Tofar, ɗan banza!"

"Wa kake zagi?" in ji Tanti Batul, ludayi a hannu. "Dubi abincin mutane! Dubi rumfata!"

"Tanti, ki yi haƙuri, ana juyin juya hali dole a yi asara."

"Zo in juya maka hali da ludayin nan."

Sai da masu shago suka gama wanke shi tas, mai walda ya yi masa nasa da yaren Ewe, tela ya yi masa nasa da Faransanci, sannan ya lallaɓa wajen Seydou ya ce a ba shi aron jan ragon kwana biyu, yana so ya yi masa kiwon ban haƙuri. Seydou ya ga abincin kyauta, ya ba shi.

Ajaratu na shanya a tsakar gida ta ga mijinta ya shigo yana jan rago.

"Maigida, layya ta matso ne ban sani ba?"

"Baƙo ne. Akwai amana a cikinsa."

Ya ɗaure shi a gindin mangwaro, ya jiƙa masa kanwa, ya dafa masa ganyen filasko, ya ɗura masa man ja da cokali. Ya ɗauko kujera da rariya da tsinke ya zauna a bayansa. Duk abin da ragon ya sauke sai Alassani ya tankaɗe, ya tona, ya yi tsaki. Ran Talata da azahar maganin ya kama aiki da gaske, ragon ya tsinke igiya ya zagaye gidan, ya bi ta kan wankin Ajaratu, ya shiga ɗakin girki ya fito, ko'ina ya bar shaida. Matan gidan haya suka fito da tsintsiya suna salati. Komai ya fito daga cikin ragon nan ban da kile.

"Ka je ka ce wa yaron ya ba ka wani mana," in ji Ajaratu, ta toshe hanci da gefen zane.

"Ni? Mai Kunne? In ce rago ya cinye mini aiki?"

"To ba ragon ne ya cinye ba?"

"Akwai gaskiyar da ba a faɗa wa yara."

Da la'asar ya fita shan iska sai ya yi kiciɓis da Samir da Hanane a bakin masallaci. Samir ya rusuna ya gaishe shi, yana ta murza hannu.

"Tonton, ka samu ka saurara?"

"Sau goma. Ina cikin na sha ɗaya aka kira salla."

"Har ta ƙarshen?"

"Ita na fi maimaitawa."

Samir da Hanane suka dubi juna. Hanane ta ce, "Kuma ba ka ji haushi ba, Tonton?"

"Haushi? 'Yata, hawaye na yi. Duk abin da kuka faɗa a kaina gaskiya ne, har ma kun rage."

"Wallahi Tonton kai babban mutum ne," in ji Samir. "Ban zaci haka ba."

"Ba kai kaɗai ba. Girmana yakan ba mutane mamaki."

Da wannan maganar ya rufe wa kansa ƙofar neman wani kile, ya kuma jefa makullin a rijiya.

Ran Laraba Seydou ya zo ya karɓi ragonsa, ya ga ya rame kamar an cire masa iska, ya yi faɗa, ya tafi da shi. Ran Alhamis da safe Alassani ya je turke da rariyarsa, ya tarar babu jan rago.

"Na sayar," in ji Seydou. "Wani mutumin unguwar Adidogome ya saya, yau suke suna."

Alassani bai tsaya rufe butik ba. Ya tare zemijan ya ce, "Adidogome, kuma ka manta kana da birki." Suka ratsa gari, yana tambayar duk wanda ya gani da hula ina ake suna. Gida biyu ya shiga bisa kuskure, a ɗaya har aka ba shi goro. A na uku ya tarar an riga an yanka, mahauci na fiɗa a bayan gida. Ya naɗe hannun riga ya tsuguna kamar ɗan dangi.

"Sannu da aiki. Kawo kayan cikin in taya ka wankewa."

Ya ja tumbi gefe ya farke, ya zura hannu har gwiwar hannu yana lalube, yana ta addu'a a hankali. Wata tsohuwa, kakar jaririn, ta tsaya tana kallonsa.

"Kai ɗan wa ne a nan?"

"Ta wajen uba, Hajiya."

"Ni na haifi uban. Me kake nema a cikin ragon jikana kana motsa baki?"

Daidai nan yatsunsa suka taɓa ƙarfe. Ya zaro, ya ɗaga sama ya yi kabbara.

"Boka!" in ji tsohuwar. "Jama'a, boka ya ciro laya a cikin ragon suna!"

Mata suka taso da muciya da murfin tukunya. Alassani ya haura katanga da shekarunsa arba'in da shida, ya bar takalmi ɗaya da rabin riga a gidan. Mai zemijan na farko da ya tsaya ya shaƙi warinsa ya ƙara wuta. Na huɗu ne ya yarda ya ɗauke shi, bisa sharaɗin ya zauna can ƙarshen kujera.

A gida ya wanke kilen da sabulu, ya shanya shi a rana, ya shafa masa turare, ya soka a rediyon Ajaratu. Shiru. Ya soka a waya, ya soka a kwamfutar maƙwabci. Ko tari bai yi ba.

"Yanzu sai yaya?" in ji Ajaratu.

Alassani ya ɗauko takardar sunayen ya shimfiɗa a gwiwa. "Likita na gaske daga ganin ido yake gane ciwo. Sunan waƙa ya ishe ni."

Ran Asabar bayan la'asar garejin ya cika har bakin titi. Direbobi sun hau kan tsofaffin tayoyi, 'yan mata sun jeru da wayoyi a sama, dattawa na kan benci a gaba, Alhaji Sabiru a tsakiyarsu ya harɗe hannu. Tanti Batul ta zo, Seydou ya zo, Ajaratu ta samu wuri kusa da ƙofa, ta ce don in abin ya ɓaci ta riga kowa fita. Alassani ya iso cikin kwat mai ruwan toka a wannan zafin, da baƙin tabarau, da littafi babba a hammata wanda babu komai a cikinsa. Ya karɓi makirufo ya hura sau uku.

"Jama'ar Zongo, medam e mesiye. Kwana biyar na rufe kaina da faifan nan. Na bi shi ciki da waje."

"Musamman ciki," in ji Seydou daga baya.

"Waƙa ta farko, Kwalta Mai Zafi. Tana farawa da ƙarfi." Ya leƙa littafinsa. "Da ƙarfi ƙwarai. Sauran kuma kunnenku ya ba ku labari."

Aka buga, ta fara da ƙarfi kuwa. Matasa suka yi ihu, dattawa suka dafe huluna. Alassani ya dubi jama'a yana gyaɗa kai kamar shi ya rubuta ta. Ƙarfin gwiwa ya shige shi.

"Ta biyu, Zemijan. Wannan gudu ce zalla. Masu hawan jini su fita. Mata masu ciki su riƙe bango."

Wasu mata biyu suka tashi suka koma baya. Samir ya sunkuyar da kai ya fara taɓa gita a hankali, a hankali, kamar mai lallashin jariri. Waƙar wani mai zemijan ce da babur ɗinsa ya mutu yana tura shi a rana daga unguwar Jijole har gida. Har aka gama babu abin da ya yi gudu a cikinta.

"Ina gudun?" in ji wani direba.

"Gudun na cikin zuciya ne. Kai da kunne ɗaya kake ji."

"Ta uku fa?" in ji Alhaji.

"Ruwan Yuni. Alhaji, a nan ne yaron ya nuna shi ɗan malamai ne. Kalmomi! Hikima! Akwai baitin da ya ce, ruwa, ruwa, kai ne ruwa. Da na ji wannan sai da na ajiye cokali."

Hanane ta cusa fuska a cikin gyale, kafaɗunta na rawa. Aka buga Ruwan Yuni, minti huɗu cur, gita da ganguna suna kwaikwayon ruwan da ke cika unguwar duk damina. Babu wanda ya buɗe baki a cikinta. Kiɗa ne tsura.

"Malam Alassani, mu ba mu ji baitin ba," in ji Tanti Batul.

"Sun cire shi ne saboda ya fi ƙarfin taron nan."

Dariya ta fara yawo a baya. Gumi ya jiƙa kwat. Alassani ya ga in bai kawo abu mai zafi ba taron zai kuɓuce masa, sai ya matso gaba ya rage murya.

"Ta huɗu, Zuhra. Dattawa ku yi haƙuri, yaro ya girma. Wannan waƙar soyayya ce mai ƙona hanta. Zuhra yarinya ce son kowa, idanu kamar fitilar tirela, tafiya kamar agwagwa ta ƙoshi. In ta juya ƙugu..."

"Tonton!" in ji Samir.

"Bari in gama. In ta juya ƙugu, kasuwar Hejiranawe kan watse. Ni kaina na san yarinyar. Ta taɓa yi mini fari da ido, na ce ina da iyali."

Babu wanda ya yi dariya. Dattawan benci suka sunkuyar da kai. Alhaji Sabiru ya miƙe a hankali.

"Sunan mahaifiyata ke nan. Shekararta huɗu a ƙasa, Allah Ya jiƙanta."

Makirufo ya yi wani ɗan kuka a hannun Alassani.

"Amin, amin. To ai... ai Alhaji, kaka matar jika ce. Wasan jika da kaka ne na fassara."

"Kai kuma da ta yi wa fari da ido, jikanta ne?" Alhaji ya juya kan ɗansa. "Samir! Abin da ka yi wa uwata ke nan? Kawo gitar nan!"

Ya nufi dandalin. Samir ya rungume gitar ya ja baya. Hanane ce ta miƙe daga bayan ganguna.

"Baba Alhaji, don girman Allah ka ji ta tukuna. In ka ji abin da ya faɗa a ciki, ni da kaina zan fasa gitar, in haɗa da gangunana."

Dattawa suka riƙe Alhaji suka zaunar. Samir ya share fuska ya fara. Waƙar wata mace ce da ta zo Lome daga arewa da ɗa ɗaya a baya da ƙwarya ɗaya a ka, ta yi shekara talatin tana dama fura a tashar manyan motoci, har ɗan nan ya sayi motarsa ta farko ya rubuta sunanta a goshinta. A tsakiya gitar ta tashi sama ta yi kuka mai tsawo, ta sauko. Da aka gama, Alhaji na kallon ƙasa, ya cire hula yana murza ta. Wani tsohon direba a gefensa na share ido da hannun riga, yana cewa, "Wallahi na sha furar nan."

"Abin da nake nufi ke nan," in ji Alassani. "Ƙugun ai na ɗaukar ƙwarya ne."

"Rufe mana baki," in ji dattawa uku a tare.

Da mai hankali ne, da ya ajiye makirufo ya nemi ƙofa. Alassani kuwa ya tuna yana da sauran harsashi ɗaya. Ya jawo benci ya hau.

"Jama'a, kuskure na ɗan Adam ne. Amma waƙar rufewa, Gwanin Bakin Titi, wannan ba mai koya mini ita, don a kaina aka yi ta. Ita ce kambin faifan. Na auna kowace kalma a cikinta, na sa hannu, babu ƙarya ko ɗaya. Duk wanda yake son ya san waye Alassani, ya buɗe kunne. Samir, ɗana, kada ka rage komai. A ƙara sauti!"

"Tonton, ka tabbata?"

"Ni na sani!"

Ya ɗaga hannu biyu sama, ya rufe ido, yana jiran yabo. Hanane ta buga sanda sau huɗu. Sai ga muryar Alassani kansa ta fito daga bafil, wadda yaran suka ɗauka a waya wata rana yana cika baki a butik: "Ni na sani!" Ƙarfe Huɗu suka amsa da murya ɗaya, ganguna na dukan kowace gaɓa: "Ba ka sani ba!" Samir ya shiga:

Gwanin bakin titi,
Ya san Akra a bakin direba,
Ya san Abijan a hoton kalanda,
In ya ce gabas, jama'a ku yi yamma!

"Ni na sani!" in ji bafil.

"Ba ka sani ba!" Wannan karon garejin gaba ɗaya ne ya amsa, har masu leƙe ta katanga.

Alassani ya buɗe ido ɗaya. Hannayensa na sama har yanzu, ya rasa yadda zai sauke su. Baiti na biyu ya zo a kan ranar da ya gyara rediyon liman ta koma kama tashar 'yan sanda. Na uku a kan maganin kajin da ya haɗa wa Tanti Batul. Tanti Batul ta tashi tana rawa da ludayi. Seydou ya haye taya yana ba mutane labarin jan rago da rariya, labarin na tafiya daga benci zuwa benci, dariya na bin sa. Alassani ya juya zai ƙaryata, ya taka ƙarshen bencin, ɗaya ƙarshen ya tashi, ya tafi da baya ya zauna daram a cikin tsohuwar tayar tirela, gwiwoyi a haɓa, ƙafafu a sama. Hanane ta rufe waƙar da duka ɗaya mai ƙarfi kamar da shi aka shirya.

Alhaji Sabiru, wanda hawayen uwarsa bai gama bushewa ba, yanzu dariya ce ta hana shi numfashi, sai da aka ba shi ruwa.

"Alassani," ya ce, "tsakaninka da Allah, ka saurari faifan nan?"

Daga cikin taya murya ta fito. "Daƙiƙa goma sha biyu, Alhaji."

"Sauran fa?"

"Rago ne ya saurara."

Alhaji ya miƙe ya dafa kafaɗar ɗansa. "Kiɗan naku har yanzu kamar injin niƙa yake a kunnena. Amma injin da ya tuna da uwata, ya kuma faɗa wa Alassani gaskiya a rana ɗaya, ba na hana shi tafiya. Ku shirya, motata ce za ta kai ku Kwatano."

Mutum huɗu ne suka ciro Alassani daga tayar, biyu na ja, biyu na dariya. Ajaratu ta karɓi kwat ɗin ta naɗe, ta sa shi gaba suka tafi gida ba ta ce masa komai ba, abin da ya fi masa zagi ciwo.

Kwana uku butik na rufe. Ran na huɗu da ya buɗe, ya tarar da layi har rumfar Tanti Batul, kowa da waya a hannu, kowa Gwanin Bakin Titi yake so a zuba masa. Ya kwafo ta daga wayar wata yarinya da ta ɗauka a gareji, da hannunsa ya yi ta zubawa har azahar. Da layin ya ƙare, Samir ya zo da sabon kile da goro a takarda, ya tsuguna a bakin ƙofa.

"Tonton, ka yafe mana."

Alassani ya miƙa hannu. Ya karɓi kilen ya soka a ƙaramin bafil, ya rage sauti, ya zauna ya ji faifan daga farko har ƙarshe, karo na farko a rayuwarsa da ya yi minti ashirin bai ce uffan ba. Da waƙar rufewa ta ƙare ya cire tabarau ya daɗe yana kallon titi.

"Samir."

"Na'am, Tonton."

"Huɗun farko ba laifi. Ta ƙarshen ce ke da gyara."

"Za mu cire sunanka, wallahi. Har muryar ma za mu cire."

"Wa ya ce ka cire? Gitarka ce ta yi yawa. Tana danne muryar babban mawaƙin."